Wai saya suka yi

Tun da Donald Trump ya dawo mulki a Janairun 2025 yake ta maganar wai Kanada ta zo ta zama jiha ta 51, wai Amurka na buƙatar Girinland, wai a maido musu da mashigin ruwan Panama, nake ganin mutane sun kasu biyu a kafafen sada zumunta. Akwai masu dariya, su ce ai mutumin nan ɓaɓatu ne kawai da shi. Akwai kuma waɗanda suka fi ba ni mamaki, masu kare abun, su ce toh meye a ciki, ai Amurka tun asali da kuɗinta take sayen ƙasa, ta sayi Luwiziyana, ta sayi Alaska, ba ta yi wa kowa ƙwace ba, kowane taku da takardarsa. Da waɗannan na biyun nake so mu ɗan yi ta. Takarda kam akwai, ba na musu, rasit ma akwai da sa hannu da hatimi. Abinda nake cewa shi ne ka duba halin da mai sa hannun yake ciki a ranar da ya sa, sai ka gane galibin cinikin nan ko a kotun unguwa ba zai tsaya ba, balle a gaban malamin fiƙihu da zai fara tambayarka shin mai kayan ya yarda ko tilasta shi aka yi.

A 1783 da Ingila ta haƙura ta amince da 'yancinsu, jihohi 13 ne a jere a gaɓar tekun Atilantika, iyakarsu ta yamma kogin Misisipi. Zuwa 1848 sun dangana da tekun Fasifik, shekara 65 kenan, ran mutum ɗaya. Kuma yunwar ƙasar nan ba daga baya ta taso ba, da ita aka haifi ƙasar, sabida ɗaya daga cikin abubuwan da suka ɓata su da sarkin Ingila shi ne dokar da ya kafa a 1763 cewa kar wani Bature ya ƙetare tsaunukan Apalachiya ya je ya zauna a ƙasar 'yan asalin wurin, waɗanda muka saba ji ana ce wa jajayen Indiyawa. A makaranta harajin shayi kawai ake faɗa maka. Shi kansa George Washington awon fili ya fara yi a ƙuruciyarsa, kuma yana da manyan filaye a can yankin da aka hana shiga.

Mu ɗauki Luwiziyanan da ake ta kafa hujja da ita. 1803, dala miliyan 15, murabba'in mil kusan 828,000, wato ya fi Najeriya biyu girma. Shugaba Thomas Jefferson birnin New Orleans kawai ya aika a tayo masa, sai Napoleon mai mulkin Faransa ya ce ku kwashe duka. Me ya sa? Sabida bayi baƙar fata a Haiti sun yi wa rundunarsa kaca-kaca, zazzaɓin shawara ya ƙarasa sauran, mafarkinsa na kafa daula a nahiyar ya rushe, ga kuma yaƙi da Ingila yana tafe yana buƙatar kuɗi. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, 'yan Haiti suka zubar da jini Amurka ta ninka girmanta, kuma tukwicin da ta ba su shi ne ta ƙi amincewa da su a matsayin ƙasa har sai 1862. Amma ba wannan ne ma ya fi damuna ba. Faransa ba ta riƙe da wannan ƙasar in ban da wasu 'yan garuruwa a bakin kogi, sauran duk akwai mutane a ciki da sarakunansu da gonakinsu da wuraren farautarsu, Osage, Pawnee, Cheyenne, Siyu da sauransu, ba wanda ya tambaye su, da yawansu ma ba su ji labarin an sayar da su ba sai da baƙi suka fara zuwa. Abinda Amurka ta biya wa kuɗi a gaskiya shi ne sauran Turawa su janye hannu su bar ta ita kaɗai da masu ƙasar.

Kanada kuma, masu ganin maganar jiha ta 51 sabon abu ce su koma baya. Sau biyu Amurka ta shiga ta da yaƙi lokacin tana ƙarƙashin Ingila, a 1775 da kuma 1812. Jefferson ma cewa ya yi kama Kanada ai tattaki ne kawai, sojoji su taka su shiga shikenan. Da aka taka ɗin, janar William Hull da ya ƙetara a Yulin 1812 bai yi wata biyu ba ya dawo da baya ya miƙa birnin Detroit ba tare da wani faɗan kirki ba. Sojojin Amurka sun ƙona gine-ginen gwamnati a York, Toronto ta yanzu, a 1813, sojojin Ingila suka rama a 1814 suka cinna wa fadar shugaban ƙasa da majalisa wuta a Washington. Aka zauna a Ghent aka ce kowa ya koma inda yake. Wanda ya yi asarar gaske a yaƙin shi ne Tecumseh, jagoran Shawnee da ya yi ta yawo ƙabila ƙabila yana cewa mu haɗa kai kar kowa ya sake sayar da ko taku ɗaya shi kaɗai, an kashe shi a fagen daga a 1813, Ingilan da ya dogara da ita ta yi sulhunta ta watsar da mutanensa.

Toh a nan nake so a ɗan dakata, a kan ƙabilar Cherokee, don duk wanda ke ganin cewa in ka waye ka bi doka ka riƙe takardunka za ka tsira, labarinsu ne amsarsa. An ce musu matsalarku ba ku waye ba. Suka ce toh. Wani mutum cikinsu, Sequoyah, wanda bai yi boko ba, ya zauna ya ƙirƙiro wa harshensu rubutu, ya kammala a 1821, cikin 'yan shekaru jama'a suka iya karatu da shi. Suka rubuta kundin tsarin mulki a 1827, suka kafa jarida a 1828 mai fita da harshensu da Turanci, suna da kotuna da makarantu da gonaki, wasu manyansu har bayi suka mallaka kaman maƙwabtansu farar fata, wannan kuma ba zan ɓoye shi don ina tausaya musu ba. Mayaƙansu sun taya Andrew Jackson yaƙi a 1814 ya murƙushe wani ɓangare na ƙabilar Creek. Sai aka ga zinare a arewacin jihar Jojiya, ga kuma auduga tana kuɗi, manoma na neman ƙasa. Jackson ɗin nan da suka taimaka ya zama shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar kwashe Indiyawa a 1830.

Ba su ɗauki makami ba fa, kotu suka tafi. Kuma suka yi nasara, a 1832 kotun ƙolin Amurka ƙarƙashin alƙali John Marshall ta ce dokokin Jojiya ba su da hurumi a ƙasar Cherokee. Jackson ya yi kunnen uwar shegu da hukuncin, Jojiya kuma ta yanka ƙasar gunduwa gunduwa ta raba wa farar fata ta hanyar ƙuri'a, mutum yana zaune a gidan da ya gina da hannunsa sai ga wani ya zo da 'yar takarda wai shi ya ci wannan filin. Duk da haka gwamnati ba ta so a ce ƙwace ta yi, tana son rasit. Sai aka nemo wasu 'yan tsiraru da ba su ne shugabanni ba, aka sa suka sa hannu a New Echota a 1835 cewa sun sayar da ƙasar kan dala miliyan 5. Shugabansu na gaskiya John Ross ya kai wa majalisa takardar ƙorafi da sunayen mutum wajen 15,000, kusan duk al'ummar kenan, suna cewa ba da yawunmu ba. Majalisar dattawa ta amince da yarjejeniyar da ratar ƙuri'a ɗaya tak. A 1838 sojoji suka bi gida gida suna fito da mutane da bakin bindiga, aka tsare su a sansanoni cikin zafin bazara cuta ta shige su, sannan aka kora su da ƙafa cikin hunturu zuwa inda ake kira Oklahoma yanzu. Cikin mutum wajen 16,000 an ƙiyasta kusan 4,000 ba su kai ba. In ka buɗe kundin gwamnati yau za ka ga an rubuta sayarwa, da farashi.

Teksas kuma wallahi duk lokacin da na ji 'yan siyasar Amurka suna kumfar baki kan baƙin haure daga kudu sai abun ya ba ni dariya. Meksiko ta samu 'yanci daga Sifen a 1821, arewacinta ba jama'a sosai, mayaƙan Comanche kuma sun hana ta sakat, sai ta buɗe ƙofa ta ce Amurkawa su zo su zauna a ba su fili kusan kyauta, sharaɗi su zama 'yan ƙasa su kuma bi ɗariƙar Katolika. Stephen Austin ya shigo da iyalai 300 na farko. Kafin a ankara baƙi sun ninka 'yan gari sau da yawa, sun zo da bayinsu suna noman auduga, sharuɗɗan kuma ba wanda ya damu da su. A 1829 Meksiko ta haramta bauta, a 1830 ta rufe iyaka ta hana Amurkawa shigowa, suka ci gaba da tsallakowa ta ɓarauniyar hanya. Adalci dai shi ne a faɗi cewa shugaban Meksiko Santa Anna ma ba kanwar lasa ba ne, ya yi fatali da tsarin mulkin tarayya ya tattara iko a hannunsa, ba Teksas kaɗai ta yi masa tawaye ba, kuma kisan da ya sa aka yi wa fursunoni sama da 300 a Goliad ta'asa ce. Amma ka karanta tsarin mulkin da 'yan Teksas suka rubuta wa kansu a 1836 ka ga irin 'yancin da suke nufi, sun kare bauta ƙarara, sun ma hana baƙar fata mai 'yanci zama a ƙasar sai da izinin majalisa. Da Sam Houston, jagoran mayaƙan Teksas, ya ci sojojin Meksiko da yaƙi a San Jacinto aka kama Santa Anna, yana tsare a hannunsu aka ba shi takarda ya sa hannu. Majalisar Meksiko ta ce sa hannun fursuna ba ya ɗaure ƙasa, ni ma haka na gani.

Shekarar da ta fi tona asirin komai a wurina ita ce 1846. Shugaba James Polk ya hau mulki a 1845 da rigimar iyaka guda biyu a gabansa, ɗaya da Ingila kan yankin Oregon a arewa maso yamma, ɗaya da Meksiko a kudu kan Teksas da Amurka ta haɗe. A lokacin ne wani ɗan jarida John O'Sullivan ya yaɗa maganar cewa ƙaddara ce bayyananniya daga Ubangiji Amurka ta mamaye nahiyar gaba ɗaya. Toh madalla. A kan Oregon masu zafin kai sun yi ta ihu wai ko a ba su duka har iyakar Alaska ko a gwabza. Da aka zo gaban Ingila mai jiragen yaƙin ruwan da babu kamarsu a duniya, ƙaddarar nan sai ta yi laushi, aka zauna lafiya lau a watan Yuni aka ja layi aka raba yankin biyu, kowa ya tafi gida. Wato ƙaddarar ma tana duba girman sandan maƙwabci kafin ta bayyana.

Meksiko ita ba ta da sanda. Polk ya fara tura ɗan aike John Slidell da tayin da ya kai dala miliyan 25 a sayar masa da Kalifoniya da Sabuwar Meksiko, gwamnatin can ko ganinsa ta ƙi yi don duk shugaban da ya saurari wannan tayin a ranar za a kifar da shi. Sai Polk ya umarci janar Zachary Taylor ya wuce kogin Nueces, wanda shi ne iyakar Teksas da aka sani tun zamanin Sifen, ya je ya kafa sansani a bakin Rio Grande ya saita igwa tana kallon garin Matamoros. Aka zauna ana jira. Ranar 9 ga Mayu Polk ya riga ya gama shawara da ministocinsa cewa zai nemi majalisa ta ayyana yaƙi ko da ba a harba ko harsashi ɗaya ba, sai ga labari ya iso a daren nan cewa an yi arangama an kashe sojojin Amurka 11. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya aika wa majalisa cewa Meksiko ta zubar da jinin Amurkawa a kan ƙasar Amurka, ranar 13 ga wata aka ayyana yaƙi.

Kuma kar wani ya ce ai da idon yau nake auna mutanen jiya, a'a, a zamanin ma akwai waɗanda suka ce wannan rainin hankali ne. Wani sabon ɗan majalisa daga Illinois ya tashi a Disambar 1847 ya ce shugaban ƙasa ya nuna mana daidai wurin da jinin ya zuba mu gani ko ƙasarmu ce, sunansa Abraham Lincoln. Ulysses Grant da ya yi yaƙin yana ƙaramin hafsa, daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya rubuta a ƙarshen rayuwarsa cewa yana cikin yaƙe-yaƙe mafi zalunci da ƙasa mai ƙarfi ta taɓa yi da mai rauni. Akwai ma sojoji, da yawansu 'yan ci-rani daga Ireland, da suka gudu daga rundunar Amurka suka koma ɓangaren Meksiko, da aka kama su aka rataye gommai daga cikinsu.

Ita ma Meksikon da nata laifin, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abokan gaba na ƙofar gida janar-janar suna juyin mulki a babban birni, kujerar shugaban ƙasa ta canja hannu sau da yawa cikin shekara guda, baitulmali ba ko sisi, wasu jihohin ko soja ɗaya ba su turo ba. A Satumbar 1847 janar Winfield Scott, shi dai wanda ya jagoranci kwashe Cherokee, ya shiga birnin Meksiko ya kafa tuta a fadar gwamnati. Da sojojin mamaya zaune a babban birninsu aka sa hannu kan yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ranar 2 ga Fabrairun 1848. Murabba'in mil kusan 525,000 ya tafi, Najeriya ɗaya da rabi, in ka haɗa da Teksas ya fi rabin ƙasar. Kalifoniya, Nevada, Utah, mafi yawan Arizona, wani ɓangare na Sabuwar Meksiko da Kolorado da Wyoming. Aka biya dala miliyan 15, Amurka ta kuma ɗauke wasu basussuka na miliyan uku da 'yan kai. Ka duba fa, mutum ya taya gidanka ka ce ba na sayarwa ba ne, ya dawo da 'yan daba suka zauna maka a tsakar gida, ya ajiye maka abinda bai kai tayinsa na farko ba ya ce sa hannu nan, in an tambaye shi gobe ya zaro rasit. Kwana tara kafin sa hannun kuma an tsinci zinare a Kalifoniya, masu sa hannun ba su sani ba.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne dalilin da ya sa ba su haɗiye Meksiko duka ba, don akwai masu wannan kiran sosai a lokacin. Ba tausayi ba ne. Sanata John Calhoun ya tashi a majalisa a farkon 1848 ya ce gwamnatinsu ta farar fata ce, ba za su kwaso miliyoyin mutane masu jinin Indiyawa su mai da su 'yan ƙasa ba. Ƙasar suke so banda mutanen, shi ya sa aka ja layin a inda fili ya fi yawa jama'a suka fi ƙaranci. Waɗanda layin ya ƙetare ta kansu kuma an yi musu alƙawarin ba za a taɓa filayensu ba, sai majalisar dattawa ta soke sashen da ya fi kare su, a 1851 aka yi doka a Kalifoniya cewa kowa ya zo ya tabbatar da mallakarsa a gaban kwamiti, da Turanci, shari'a ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, wanda ya ci shari'ar ma sai ka ga ya sayar da filin ya biya lauya. Indiyawan Kalifoniya su abun nasu ya wuce maganar fili, daga wajen 150,000 suka koma kusan 30,000 cikin shekara talatin, da cuta da yunwa da kisan 'yan sa-kai waɗanda jiha ke biya, har gwamnan jihar ya fito a 2019 ya kira abun kisan ƙare dangi ya nemi afuwa. Amurkar ma ba ta ci bulus ba, rigimar ko za a kai bauta sabbin yankunan ko ba za a kai ba ita ta yi ta ruruwa har ta fashe ta zama yaƙin basasa a 1861.

Na san abinda za a ce min. Za a ce wace daula ce ba da takobi ta faɗaɗa ba? Gaskiya ne. Meksikon kanta gadon mamayar Sifen ta ci, Comanche sun kori Apache, Siyu sun ture wasu ƙabilun kafin su mallaki inda suke, mu ma nan tarihinmu cike yake da yaƙi da kame. Ban ce Amurkawa sun fi kowa mugunta ba. Amma sarkin da ya ci gari da yaƙi cewa yake na ci ku da yaƙi, ba ya dawowa ya ce ciniki muka yi cikin yarda, kuma ba ya zagaya duniya yana koya wa mutane darasin mutunta iyakoki da alƙawari. Yarjejeniya kusan 370 Amurka ta ƙulla da al'ummomin Indiyawa, majalisa ta amince da su a matsayin doka, har zuwa 1871 da ta ce ta daina. Je ka nemo nawa aka cika. Alaska ce ma za a ɗan iya kira ciniki, 1867, dala miliyan 7.2, Rasha da kanta take neman mai saya, duk da nan ma ba a tambayi mazauna wurin ba. Hawaii kuwa ko wahalar taya ba a yi ba, 'yan kasuwar rake farar fata suka kifar da sarauniya Liliuokalani a 1893 sojojin ruwan Amurka na tsaye a gefe, a 1898 aka haɗe tsibiran.

Wanda ya taso da kallon finafinan kaboyi ya san yadda aka sayar mana da labarin, ayarin keken doki da mata da yara, sai ga Indiyawa da gashin tsuntsu a ka suna ihu daga kan tudu, sai sojojin doki su iso da ƙaho, 'yan kallo a yi ta tafi. Ba a nuna maka Sand Creek ba, 1864, inda sarkin Cheyenne Black Kettle ya ɗaga tutar Amurka da farin ƙyalle a kan tantinsa don an ce masa haka zai kare shi, kanar Chivington, wanda mai wa'azin coci ne, ya afka musu da asuba aka kashe sama da mutum 150 yawanci mata da yara, majalisa ta yi bincike ta yi tir, ba a hukunta kowa ba. Ba a nuna maka ɓauna ba, dabbar da mutanen nan ke ci, su yi tanti da sutura da fatarta, miliyoyi barkatai, da layin dogo ya ratsa a 1869 mafarauta suka yi ta harbi suna feɗe fata suna barin nama yana ruɓewa a fili, kafin 1890 abinda ya rage a daji bai kai dubu ba. Wanda ka kashe wa abinci ba sai ka yaƙe shi ba, da ƙafarsa zai zo layin rabon garin masara. Sannan dokar Dawes ta 1887 ta zo ta ce a yanka wa kowane magidanci nasa kason, ragowar kuma wai rara ce a sayar wa farar fata, daga eka miliyan 138 da ke hannun Indiyawa aka wayi gari a 1934 saura miliyan 48.

Na bar tsaunukan Black Hills a ƙarshe sabida har yau maganar ba ta mutu ba. Bayan Red Cloud, wani jagoran Siyu, da mayaƙansa sun hana sojoji sakat, Amurka ta zauna da Siyu a Fort Laramie a 1868 ta rubuta cewa yankin nasu ne su kaɗai, kuma ba za a karɓi ko yanki ba sai kashi uku cikin huɗu na mazajensu sun sa hannu. Shekara shida kacal, a 1874 George Custer ya shiga da sojoji aka dawo da labarin zinare, masu haƙa suka yi ta kwarara. Gwamnati ta taya, Siyu suka ce ba na sayarwa ba ne, wurin ibadarsu ne. Aka tura sojoji, a Yunin 1876 jagororin Siyu Sitting Bull da Crazy Horse suka gama da Custer da mutanensa sama da 200 a Little Bighorn. Majalisa ta ce toh an yanke rabon abinci sai kun sa hannu, aka samu sa hannun kusan kashi ɗaya cikin goma, a 1877 aka yi doka aka ƙwace. A cikin waɗannan tsaunukan ne daga baya, tsakanin 1927 da 1941, aka sassaƙa fuskokin shugabanni huɗu a jikin dutse, wanda kuke gani a hotuna.

Siyu suka shiga kotu suka yi ta bin shari'a kaka ya mutu jika ya ɗora, har 1980 kotun ƙoli ta yanke cewa lallai an karɓi ƙasar ba tare da biyan haƙƙi ba, ta ce a biya su sama da dala miliyan 100 har da kuɗin ruwa. Suka ce ba ma so, in muka karɓa mun sayar kenan, mu ƙasarmu muke nema. Kuɗin na nan a asusun gwamnati yana ta haihuwa, yanzu ya haura dala biliyan ɗaya, kuma masu ƙin karɓar nan ba masu hali ba ne, yankin Pine Ridge da da yawansu ke zaune yana cikin wurare mafi talauci a duk faɗin Amurka, rashin aikin yi da ciwon suga da gidajen da ba su iya tare sanyi. Sama da shekara 40 kenan ana ce musu ku zo ku sa hannu ku ɗauka, ba su je ba.